Hoton da Ya Riga Wasiƙa Isowa

Dakoro, cikin bazara

Zuwa ga ɗiyar Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Babanki ya bi shanu wajen Azagor, ƙafar tasa ta yi sauƙi. Goggo tana gaishe ki, idon nata dai sai a hankali.

Wannan rubutun hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini bik, wato alƙalami. Na daɗe ina zuwa karatun manya bayan la'asar, mata suna mini dariya wai da furfura zan zama madam ta lakwal, malamar makaranta. Ban gaya wa kowa dalili ba. Ke ce ɗiyata ta fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, Goggo yayar babanki ce ta raine ki, kuma in kika kira waya harshena ƙullewa yake, in ce ya sanyi, in miƙa wa wani. Takarda kuwa ba ta kallona. Zan rubuta, in ɗauki hotonta da waya in tura miki. Ke ma ki yi haka, da manyan baƙaƙe, kada ki haɗe su.

Goggo ta raɗa mini halin da kike ciki. Alhamdu lillahi. Ba wanda ya sani sai mu biyu da maigidanki a Yamai. Surukanki na Kornaka ba a gaya musu ba tukuna, kamar yadda kika roƙa.

Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Na sa an yaɓe ɗakin baya, na fara tara itacen wanka, na sayi babbar tukunya. Tun kina ƙarama komai naki wasu suka yi. Wannan ɗaya ne nawa. Yaushe za ki taho?

Sai abu na biyu, wanda ya hana ni sukuni. Da maigidanki ya zo gaisuwar salla na ji yana gaya wa babanki wai aikinku na wani inji ne a ƙarƙashin ƙasa, inda ake haɗa abubuwa karo har su tarwatse. Mace mai nauyi ko leƙa rijiya ba a so ta yi, balle ta shiga rami. Ki gaya mini gaskiya.

Halimatu Sa'adiya

*

Nant, Faransa

Inna,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Rubutunki ya fi na farfesana kyau, wallahi ba ba'a nake ba. Ina lafiya, amai ya tsaya, ina cin abinci. A gaishe da Baba da Goggo.

Ki kwantar da hankalinki. Injin yana can iyakar Faransa da Suwis, nesa da garin da nake, kuma ba a barin mai juna biyu ta sauka ramin. Ni a biro nake, wato ofis, kusa da taga, ba abin da ke gabana sai ordinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Ga abin da ake yi a can. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira proton, suna cikin kowane abu, har gero da nono, ƙanƙantarsu ta wuce a gani. Ana koro su da gudu daga ɓangare biyu a haɗa su kai da kai. In suka gwabza, sai sababbin ƙwayoyi su fantsama, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa. Masu ɗauke da lantarki a cikinsu suna barin sawu, sai a bi sawun a ƙirga su.

Nawa aikin kwaikwayo ne. Kin tuna shanun laka da muke ginawa a bakin tafki muna haɗa su faɗa? To haka. Ina gaya wa ordinatar ƙa'idodin da muke zaton ƙwayoyin suna bi, ita kuma ta yi ta jefa ƙuri'a tana shirya karo na wasa, miliyoyi, tana ƙirgawa. In ƙirgena ya zo daidai da na injin gaske, mun gane ƙa'idar ke nan.

Nawa bai zo daidai ba. Inda karon ya yi tsanani, ƙwayoyina sun gaza na gaske yawa. Kuma duk gyaran da na yi sai na bi layi, don mu dubbai muke amfani da manyan na'urorin. Kamar layin shayarwa ne a rijiya cikin bazara, sai a yi makonni guga bai zo kanka ba.

Likita ta ce in wata na takwas ya kama ba za a bar ni in hau jirgi ba. Burs ɗina, kuɗin tallafin karatu, da takardar zama kuma ƙarshen damina suke ƙarewa. In na tafi ban kare aikin a gaban malamai ba, shekarun nan duka sun tafi, ba dawowa. Ina so in zo, Inna. Ki ba ni lokaci ƙirgen ya daidaita.

Ɗiyarki,
Rahma

*

Dakoro, hadari ya fara haɗuwa

Ɗiyar Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. An yi yayyafi wajen Kornaka, mu dai iska kawai muka samu.

Na gane maganar shanun laka. Ta ƙuri'a ce ban so ba. Na ce wa Goggo, ashe mun tura yarinya Turai ta koyi caca. Ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Ina kallon wata kowace magariba, kuma ba ya jiran layin rijiyarku. Ga shawarata. Tunda kin ce karon na wasa ne, ba wanda ya ji ciwo, ba wanda zai ji, in naki sun gaza ki ɗauki bik ki cika sauran. Mai awon gero ma in tiya ba ta cika ba yakan ƙara da tafin hannu. Ki cika musu, ki ba su takardarsu, ki taho gida.

Na san za ki ce ba a yin haka. To ki gaya mini me ake yi.

Halimatu Sa'adiya

*

Nant

Inna,

Lafiya lau nake. Ba a yin haka. Giɓin nan shi ne aikin. Shi yake nuna akwai abin da ba mu gane ba, in na rufe shi da bik na ɓata wa duk mai zuwa bayana hanya. Ina da wani zato, zan gwada. Ina sauri, zan rubuto doguwa.

Rahma

*

Dakoro

Ke,

Ban san ko wannan za ta je ba. Rezo na waya ya ɗauke tun da aka yi babbar iskar nan. Ina rubutawa ne don hannuna ya samu abin yi.

Kafin ya ɗauke, saƙo biyu suka shigo daga wurinki. Ɗaya ya buɗe, ɗaya ya tsaya yana juyawa bai buɗe ba. Wanda ya buɗe hoto ne. Baƙin fili, da zobe cikin zobe kamar bakin ƙwarya, a tsakiya kuma wani abu ya fashe, jajayen zare da rawaya sun watsu ko'ina, wasu sun lanƙwashe.

Na taɓa ganin eko, hoton ciki da ake ɗauka a Maraɗi. Shi ma baƙin fili ne da zagaye. Amma a ciki ana ganin kai da ƙashin baya. A naki ban ga kai ba. Na juya wayar ta kowane gefe.

Na kai wa Lailatu, wadda ta yi aiki a ɗakin haihuwa kafin ta huta. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma na Turawa mai launi ne, kuma ja a eko jini yake nunawa. Daga nan ta miƙo mini wayar da hannu biyu.

Na kira ki. Ni da kaina na danna, ba kunya ba komai. Ba ta shiga. Na hau tudun bayan kasuwar dabbobi inda mutane ke samun rezo, ba ta shiga. Ban gaya wa Goggo ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Babanki yana daji.

An ce a Kornaka waya tana aiki. Gobe zan bi motar kasuwa.

In kina raye ki aiko ko da kalma ɗaya.

*

Kornaka

Ɗiyar Goggo,

Alhamdu lillahi da kike lafiya. Na ga saƙonki. Amma na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga hannuna.

Da na sauka mota ban san inda zan nufa ba sai gidan surukarki, Hajiya Kadija. Ta ga idona ta ce, "Halima, wa ya rasu?" Na miƙa mata hoton. Ta ce mene ne wannan. Na ce cikin ɗiyarku ne. Kin ga a numfashi ɗaya na gaya mata akwai ciki, na kuma gaya mata ya lalace. Ta zauna a ƙasa. Matan gida suka taru. Ta sa aka kira mata ɗanta a Yamai, tana kuka tana ce masa, "Jibril, ashe da ciki kuka ɓoye mini, sai da ya fashe zan ji?"

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, saƙo na biyu ya buɗe. Takardarki ce.

Ga inda na ƙara ɓata abin. Masu karatu tun suna yara idonsu yana riga bakinsu, suna ganin abin da ke gaba su tsallake. Ni ban iya ba. Sai na furta kalma nake sanin mece ce. Hajiya ta ce karanta mana, na karanta da ƙarfi, daga bisimilla har sa hannu.

Da na zo inda kika ce, "Ga hoton karo ɗaya daga cikin waɗanda na ƙirƙira, kowane zare sawun ƙwaya ɗaya ne, ja da rawaya ni na zaɓa don su yi kyau," sai gidan ya ɗauki hamdala. Wata ta yi guɗa. Ni ma na yi hamdala.

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma na ci gaba. Na karanta inda kika ce kin je Suwis kin nuna wa manyan malamai aikinki, kin tsaya a ɗakin da ke bisa injin, yana aiki a ƙarƙashin ƙafafunki, ana karo fiye da yadda baki zai ƙirga.

Hajiya ta ce, "Sake karanta wurin nan." Na sake.

Ta ce, "Da jikana a cikinta ta tsaya bisa wannan abu?"

Na ce kin ce ramin yana da zurfi ƙwarai. Ta ce, "Rijiyar gidan nan ma tana da zurfi, kin ga na bar mai ciki ta tsaya a bakinta?" Ta sake kiran ɗanta a gabana. Ta ce ya saya miki biye na jirgi, wato tikiti, cikin makon nan, in kuwa bai yi ba kada ya ƙara taka mata gida.

Ba zan ɓoye miki ba, da na ji haka wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, to ga shi za ta zo. A mota ina komawa ne sanyin ya juye ya zama wani abu.

Ni ma ina da tambaya. Kin ce nesa kike da injin. Me ya kai ki kansa?

Halimatu Sa'adiya

*

Nant

Inna,

Ina lafiya, abin da ke cikina ma lafiya, jiya aka duba. Na yi niyyar tura miki hoton eko na gaske, na fasa.

Na jinkirta amsa don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Laifina ne da na tura hoton kafin takardar. Tsayuwa bisa injin kuwa ba ta da wani haɗari. Akwai gonaki da gidaje a kansa, shanu suna kiwo, mata suna haihuwa a ƙauyukan. Na gaya wa Jibril haka, ya ce ya sani, shi ma ya yi lakwal. Ya ce amma ba zai iya tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Ya sayi biyen. Ya turo mini shi ba tare da ko gaisuwa ba, kuma na san kunya ce ta hana shi, ba fushi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne zaton nan nawa ya fara kamawa. Proton ba dunƙule ɗaya ba ne, akwai ƙananan abubuwa a cikinsa. In biyu suka gwabza, ba karo ɗaya ake yi ba, ana iya yin da yawa a lokaci guda, kamar garke biyu su haɗu a mashaya. Na ba wannan ƙaramin muhimmanci a lissafina. Da na gyara na gwada da kaɗan, giɓin ya ragu sosai. Babban gwajin yana layi yanzu. Malamai sun sa ranar da zan kare aikin, kuma ranar tana bayan lokacin da likita ta hana ni jirgi. Na roƙi a matso da ita, ba ta matsuwa.

Saboda haka ba zan iya yin duka biyun ba. In na hau jirgin nan, na bar aikin. In na tsaya, a nan zan haihu, kuma Hajiya za ta ce na raba ta da ɗanta.

Akwai wata Ramatu, matar Samba mutumin Tasawa, suna zaune kusa da ni, 'ya'yanta huɗu. Ta ce za ta kula da ni in ta kama. Ban amsa mata ba.

Ba ki taɓa neman komai a wurina ba sai wannan. In kika ce in zo, zan zo, kuma ba zan riƙe ki a zuciya ba. Jirgin ranar Laraba ne.

Rahma

*

Dakoro, an yi ruwan shuka

Ɗiyar Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, kowa yana gona. Babanki ya aiko cewa sun juyo da shanu.

Kada ki hau jirgin.

Na koma Kornaka jiya. Na tarar da Hajiya tana tsince irin wake. Muka gaisa, ta ba ni tabarma, ta ce, "Halima, yau kuma wane hoto kika kawo mana?" Matan gida suka yi dariya. Na bar su suka gama.

Na fara da shanun laka, yadda kika koya mini. Na ce karon da yarinyar nan take yi ko ƙuda ba ya kashewa. Ta ce, "Shanun laka ne suka kai ta Suwis?" Na ce a kan injin akwai gonaki, mata suna haihuwa. Ta ce, "Matansu. Su suka san abin da suka sha." Na ga ta nan ba hanya. Ni kaina rabin abin na gane, yaya zan sa wata ta gane duka?

Sai na ce, "Hajiya, in ta dawo, gidan wa za ta sauka?"

Ta ce, "Gidanki mana. Haihuwar fari ce."

Na ce, "Wa zai dafa ruwan wanka, wa zai dama kunun kanwa, wa zai kwana da ita har ta yi arba'in?"

Ta ce, "Ke. Wa ke ja da ke a nan?"

Na ce, "To haƙƙina ne, kuma na yafe shi. Ba zan karɓe ta ba. In ta sauka Yamai sai dai ki kawo ta ɗakinki, garin nan duka su ga kin karɓe wa uwa goyon ciki tana raye."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Kin san abin da kike faɗi? Ke da kika zo nan kina rawar jiki saboda zane?"

Na ce na sani.

Ta ce, "In wani abu ya same ta a can, ko ya sami abin da ke cikinta, babu uwa babu dangi?"

Na ce a wuyana.

Ta ce ba za ta karɓi wannan magana tsakanin mata ba. Ta aika aka kira Malam Na'Allah, ƙanin marigayi mijinta, ya tsaya a bakin zaure, na maimaita a gabansa. Na kai har ƙarshe. Sannan ta kira ɗanta ta ce, "Surukarka ta ɗauke mana kaya. Ka mai da biyen." Ba ta raka ni ƙofa ba. Ta dai aiko yarinya da ƙullin wake ta cim mini a tasha, ban san ko sulhu ba ne ko sallama.

Babanki bai sani ba tukuna. In ya iso zan san abin da zan ce masa. Goggo ta ce na yi hauka, daga baya ta ce in matso ta shafa kaina.

Kada ki ɗauka na daina tsoro. Ban san ko ƙirgen naki zai cika ba, ban ma san me za a yi da shi in ya cika ba. Na dai san tun kina rarrafe ba a ɗauke ki daga abin da kika sa a gaba sai da kuka.

Yanzu ki saurara. Ki amsa wa matar Samba, ki ce ina gaishe ta, ina roƙonta don Allah. Ki ba ta lambata. Ruwan wanka ya yi zafi sosai, safe da yamma, kada ki yarda da mai ɗumi-ɗumi irin na Turawa. Zan nemi mai zuwa Yamai in aika kanwa da yaji da kilishi, maigidanki ya san yadda zai yi su kai gare ki. In kin je gaban malaman ki ci abinci tukuna, kuma ki nemi kujera, kada ki yi musu bayani a tsaye.

Abu na ƙarshe. In cibiyar ta bushe ta faɗi, kada ki bari ma'aikatan likita su share ta da shara. Ki ƙulle ta a tsumma mai tsabta ki ajiye cikin kayanki. Duk ranar da kuka zo, ko da yaron yana gudu da ƙafarsa ne, ki kawo mini. Ni zan binne ta a gidan nan da hannuna.

Halimatu Sa'adiya